Daga sararin Maradi zuwa hasken orora: yadda ake ɗaukar hoton sama da dare

A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2024 wata guguwa da ta taso daga rana ta bugi duniya da ƙarfin da ba a ga irinsa ba tun 2003. Kafin gari ya waye hotunan sama mai launin kore da ja, wato hasken da ake kira orora, sun cika wayoyin mutane, daga Turai da Amurka, har da wuraren da ba su saba gani ba kamar Meziko da Namibiya. Tun lokacin matasa masu sha'awar hoto a nan Maradi suke tambayar ko za a iya ɗaukar irin wannan a sararinmu. Amsar ita ce a'a, kuma gara a faɗa tun da wuri don kada wani ya kwana a gona yana jiran abin da ba zai zo ba.

Dalili kuwa shi ne, rana kullum tana fesa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki. In sun iso, maganaɗisun duniya yana karkatar da su zuwa ƙarshen arewa da ƙarshen kudu, inda suke karo da iskar da ke can sama, daga kilomita 100 zuwa sama. Oksijin ne ke ba da koren, shi ne kuma ke ba da jan a can ƙololuwa, sama da kilomita 200. Naitirojin ke kawo shuɗi da ruwan makuba a gefen ƙasa. Wannan haske, orora, yana zama ne a wani zobe da ke wajen digiri 65 zuwa 70 daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Maradi tana kan digiri 13 da rabi. Ko babbar guguwar 1859, wadda aka ga haskenta har a Kuba da Hawai, abu ne da ba a sa masa rana.

Amma akwai ƴanmu da ke karatu a Kanada da Rasha, akwai masu aiki a Faransa da Beljiyam waɗanda jirgin awa kaɗan zai kai su Nowe ko Finlan. Abin da nake so su sani, su da mu da muke gida, shi ne kusan duk abin da ɗaukar orora yake buƙata ana koyon sa a nan, a ƙarƙashin taurarinmu. Wanda ya isa arewacin Nowe bai taɓa saita kamara cikin duhu ba, hasken zai zo ya wuce yana laluben maɓalli da daskararrun yatsu. Abu biyu ne kawai sararin Maradi ba zai koya maka ba: saurin motsin hasken, da sanyi. Zan zo kansu a ƙarshe.

Abin da za ka riƙe a hannu

Kamara kowace iri ta isa, muddin tana da yanayin M, wato wanda kai ne ke zaɓar komai da hannunka. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu da gilashinta na 18-55mm za ta yi aiki. In kana da halin ƙara abu ɗaya, ka nemi gilashi mai faɗin gani, 14 zuwa 24mm, wanda ke buɗewa har f/2.8. Wannan ya fi sabuwar kamara amfani nesa ba kusa ba.

Waya ma tana yi. Ka duba cikin kamararta ko akwai Pro: Samsung na da shi, wasu Tecno da Infinix ma haka, kuma da yawa suna barin ka buɗe har sakan 30. iPhone yana kai sakan 30 a yanayinsa na dare in ya ji ba ya motsi. Google Pixel na da nasa tsarin na taurari da ke ɗaukar kusan minti 4 a hoto ɗaya.

Abin da ba a yi sai da shi shi ne madogara. Ba hannun da zai riƙe kamara sakan 15 bai girgiza ba. Madogarar ƙarfe mai ƙafa uku ita ce daidai, amma in babu, ka cika ƙaramar jaka da gero ko yashi, ka aza a kan turmi ko katanga, ka nutsa kamarar a ciki har ta kalli inda kake so. Sai batiri biyu a cike, tocila da aka rufe bakinta da jar leda, ɗan salatif, da ƙyalle mai laushi na goge gilashi.

Wata da yanayi su ne ke zaɓar maka dare

Mu da muke lissafi da watan Musulunci mun samu sauƙi a nan, don kowa ya san kwanan wata. Daga 25 zuwa 3 ko 4 ga sabon wata dare duhu ne kusan gaba ɗaya, waɗannan su ne kwanakinka. Daga 19 ko 20 ma kana iya fita bayan Isha, don wata ba zai fito ba sai dare ya yi nisa, kuma wajen 22 ga wata sai tsakar dare yake ɓullowa. Daga 10 zuwa 17 kuwa ka huta, farin wata yana shafe taurari.

Yanayi ya fi wata wuyar sha'ani. Mutane suna ɗauka lokacin sanyi ne ya fi, tunda babu gajimare. Amma daga Disamba zuwa Maris hazon hunturu yana rataye a sama, ko da ido bai gan shi sosai ba. Kamara tana ganinsa: hoton zai fito ja-ja, taurarin da ke kusa da ƙasa su ɓace, kuma fitilun gari su watsu cikin ƙurar su haske rabin sama. Gwaji mai sauƙi shi ne ka kalli faɗuwar rana. In ta dushe ta zama farin faifai tun ba ta kai ƙasa ba, wannan daren ba na hoto ba ne.

Mafi kyawun sama da muke samu yana cikin damina da ƙarshenta. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, in hadari ya janye, iska tana fitowa a wanke tas. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ake yankan gero, gajimare ya ragu kuma ƙura ba ta taso ba tukuna. In za ka zaɓi lokaci ɗaya a shekara, ka zaɓi wannan.

Abin da za ka nema shi ne farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi. Shi ne gungun taurarin da ranarmu take ciki, kuma tsakiyarsa, inda ya fi kauri da haske, tana wajen kudu. A nan mun fi Turawa rabo, don a Maradi tsakiyar tana hawa har kusan digiri 47 a sama, alhali a arewacin Turai da ƙyar take ɗagowa daga ƙasa. A Afrilu tana fitowa ne wajen tsakar dare, ta yi sama kafin Asuba. A Yuni da Yuli tana tsaye a kudu da tsakar dare. A farkon Oktoba da an idar da Isha za ka same ta a kudu maso yamma, ta faɗi wajen ƙarfe 11. Daga Nuwamba zuwa Janairu tana bayan rana, ba a ganinta. Manhajar Stellarium tana nuna maka duk wannan kyauta: ka sa Maradi, ka sa kwanan da kake so, ka ja lokaci gaba ka ga inda komai zai kasance.

Wuri, da zancen tsaro

Cikin gari ba zai yi ba. Ka yi nisan kilomita 15 zuwa 20 daga fitilu, in da hali fiye. Akwai wani lissafi da ake mantawa da shi: tunda abin da kake nema yana kudu, bai kamata garin ya shiga tsakaninka da shi ba. Wanda ya fita arewa, hanyar Dakoro, ya tsaya kusa, in ya juya kudu hasken Maradi ne zai cika masa hoto. Ko dai ya ƙara nisa sosai, ko ya bi gabas wajen Agiye da Tasawa, inda garin zai koma gefensa.

Kudu da yamma, wajen Madarunfa da Gidan Runji har zuwa bakin iyaka, duk mun san halin da ake ciki da ƴan bindiga. Babu hoton da ya kai ran mutum. Kada ka je daji da dare don kawai taswira ta nuna akwai duhu. Ka zaɓi ƙauyen da kake da dangi ko aboki, ka isa da rana, ka gaida mai gari ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka kwana a can. Mutumin da ya ga baƙo da ƙarfe mai ƙafa uku da jan haske a bayan gonarsa da ƙarfe ɗayan dare yana da hakkin ya tsorata. Ka tafi da ɗan gari, ka riƙe katin shaidarka, ka nisanci shingen jami'an tsaro da duk wani wurinsu, kada ma ka juya kamara ta wajen. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ka shafa maganin sauro.

Tun da sauran haske ka zaga ka zaɓi abin da zai tsaya a gaban hoton: rumbu, kuka, gawo, giginya, bakin rijiya. Sama ita kaɗai ba ta riƙe ido. Rumbun gero a ƙarƙashin zirin taurari kuwa hoto ne da wanda ke Faransa ba zai iya ɗauka ba, ko nawa ya kashe a kan kayan aiki.

Saiti

Ka fara da kashe duk wani farin haske. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya yana mayar da kai baya. Ka rage hasken fuskar kamara da na waya zuwa ƙarshe, ka yi amfani da jar tocila kaɗai.

Ka juya kamara zuwa M. Ka zaɓi RAW, ko RAW da JPEG tare, don RAW yana ajiye duk abin da kamara ta gani ba tare da ta matse shi ba. Ka kashe filashi. Ka kashe maganin girgiza na gilashi, wanda Canon ke rubutawa IS, Nikon kuma VR, don a kan ƙafa uku shi da kansa yana iya kawo motsi. Ka sa jinkirin sakan 2, yadda hannunka zai bar kamarar kafin ta buɗe.

Abu uku ne ke tara haske. Na farko buɗin gilashi: ka sa lamba mafi ƙanƙanta da yake da ita, f/2.8 ko f/3.5. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na biyu ISO, wato ƙarfin jin haske: ka fara da 3200 a kamara, 800 zuwa 1600 a waya. Na uku tsawon buɗewa, kuma a nan ne ake lissafi. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka daɗe a buɗe taurari za su zama layuka maimakon ɗigo. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ka raba 500 da tsawon gilashinka. Gilashin 20mm a babbar kamara, irin wadda ake kira full frame, zai ba ka sakan 25. Ƙananan kamarorin da suka fi yawa a hannunmu sai ka fara ninka tsawon da 1.5, ko 1.6 in Canon ce: 18mm ya zama 27, ka raba 500 da shi, ka samu wajen sakan 18. Ni ina ganin wannan ƙa'ida ta yi sassauci ga kamarorin yanzu. Ka tsaya a 13 ko 15, ka ƙara ISO in hoton ya yi duhu. Yashi-yashin da ISO ke kawowa ana rage shi daga baya, amma tauraron da ya ja layi ba shi da magani.

Launi kada ka bar wa kamara. Ka sa shi da hannu tsakanin 3800 da 4200 K, wato ma'aunin ɗumin launi. In ka bar shi ta zaɓa da kanta, kowane hoto zai fito da nasa launin, haɗa su kuma ya zama wahala.

Sai daidaita gani, wanda shi ne ya fi kayar da masu koyo. Kamara ba ta iya kama tauraro da kanta cikin duhu. Ka mayar da gilashi kan MF, wato daidaita gani da hannu. Ka kunna kallon fuska, ka nemo tauraro mafi haske, ka kawo shi tsakiya, ka ƙara girmansa sau 10 da maɓallin faɗaɗawa. Sai ka juya zoben gilashin a hankali. Za ka ga tauraron yana kumbura ya zama ƙwallo, ya tsuke, ya sake kumbura. Inda ya fi ƙanƙanta nan ne wurin. Kada ka dogara da alamar ∞ da ke jikin gilashi, sau da yawa wurin gaskiya yana gabanta kaɗan. Da ka samu, ka manna salatif a kan zoben, kuma kada ka sake taɓa zum, don in ka motsa shi sai ka faro daga farko. A waya, cikin Pro, ka ja ma'aunin MF zuwa wajen alamar dutse, ka gwada, ka dawo da shi kaɗan-kaɗan har ɗigon ya tsuke.

Ka ɗauki hoto ɗaya, ka faɗaɗa shi har ƙarshe ka duba taurarin tsakiya da na kusurwa. Kada ka amince da yadda ya bayyana a fuskar kamara: cikin duhu kowane hoto yana kama da mai haske, sai ka isa gida ka tarar da shi baƙi ƙirin. Ka kunna histogiram, zanen tudun nan da kamara ke nunawa. Tudun ya rabu da bangon hagu, ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin. In yana manne da bango, ka ƙara ISO.

In komai ya zauna, ka ɗauki 10 zuwa 15 a jere ba tare da ka motsa kamarar ba. Manhajar Sequator ta kwamfuta, wadda kyauta ce, tana jera su kan juna ta rage yashi. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen sanyi, don zafi yana ƙara yashi a hoto. Don rumbu ko bishiyar da ke gaba, ka haska ta daga gefe da farar tocila na sakan ɗaya kacal a hoto guda, ba daga bayan kamara ba. A ƙarshen damina ka riƙa duba bakin gilashi saboda raɓa. Kuma kada ka canza gilashi a fili in iska tana kaɗawa, ƙura za ta shige ciki.

Abubuwan da sararinmu ke da su

Ka juya arewa. Tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa, digiri 13 daga doron ƙasa, wato dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari in ka miƙe hannunka. Duk sauran taurari shi suke zagayawa. Ka sa sakan 30, ISO 800, ka bar kamara tana ɗauka a jere awa guda, za ka samu hoto 120. Manhajar StarStaX za ta haɗa maka su su zama da'irori a kan bishiyarka. Ka kashe tsarin rage yashi na doguwar buɗewa kafin ka fara, don yana ninka lokacin kowane hoto ya bar giɓi a layukan.

Akwai kuma hasken da malamai suke kira alfijirin ƙarya, wanda ke miƙewa tsaye daga gabas kafin alfijirin gaskiya ya bazu a kwance. Hasken rana ne da ke dawowa daga ƙurar da ke tsakanin duniyoyi, kuma mu da ke kusa da tsakiyar duniya mun fi kowa ganinsa da kyau. A Satumba da Oktoba, kafin kiran sallar farko, saitin da na bayar a sama yana kama shi. Ruwan taurari kuma yana da ranakunsa: 12 zuwa 13 ga Agusta, da 13 zuwa 14 ga Disamba.

Wani dare, in sama ta wanku sosai, za ka ga kore-kore ko ja-ja a ƙasan hotonka, wani lokaci a jere kamar kunyoyi. Zuciya za ta ce orora ce. Ba ita ba ce. Iskar sama ce ke fitar da ƙarfin da ta sha daga rana da yini, kuma oksijin ɗin nan dai shi ke ba da koren, shi ya sa launin ya zo ɗaya. Ana samun wannan ko'ina a duniya. Abu ne mai kyau a karan kansa, ka nuna shi da sunansa. Ina roƙon ƴan'uwa kada su ɗora hoton Nowe a kan masallaci ko kasuwar garinmu su ce a nan aka gani, don yara suna kallo kuma suna ɗauka gaskiya ne.

Gyara kaɗan ya isa. A manhajar Lightroom ko Snapseed ka ɗaga haske, ka ƙara bambancin fari da baƙi, ka rage yashi, ka bar launi kusa da yadda yake. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ƙananan taurari su narke.

In Allah ya kai ka arewa

Wuraren da ke ƙarƙashin zoben sanannu ne: Tiromso a Nowe, Abisko a Suwidin, Robaniyemi a Finlan, ƙasar Aislan, Murmansk a Rasha, Yeloknaif a Kanada, Feyabanks a Alaska. Lokaci daga Satumba zuwa ƙarshen Maris, don da bazararsu dare ba ya yin duhu. Satumba, Oktoba da Maris sun fi yawan motsi, kuma sanyinsu ya fi sauƙi a kan na Janairu. Tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 ne ya fi fitowa. Kada ka tsara dare ɗaya, ka ba kanka huɗu ko biyar, don gajimare ne babban abokin gaba a can, ba rashin hasken ba.

Ƙarfin guguwar rana yana hawa da sauka a zagaye na kusan shekara 11. Wanda muke ciki, na 25, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar ya kai ƙololuwa. Yayin da yake sauka manyan guguwa za su ragu, amma a ƙarƙashin zoben ana ganin orora ko a shekarun da guguwar rana ta lafa.

Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta NOAA tana wallafa Kp, ma'aunin yadda guguwar ke girgiza maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9. A Tiromso 2 ko 3 ya isa. Wanda ke kudancin Kanada yana buƙatar wajen 5 ko 6 da wuri mai duhu, wanda ke Faransa ko Beljiyam kuwa sai 7 zuwa sama, shi ma ja-ja zai gani a ƙasan arewa. Amma Kp matsakaicin awa 3 ne, yana zuwa a makare. Abin da ya fi shi shi ne Bz, wanda ke nuna inda maganaɗisun iskar rana ya fuskanta. In lambar ta koma ƙasa da sifili, musamman ta kai -10 ta zauna, ƙofa ta buɗe. Ana auna shi ne daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana, saboda haka kana da tsakanin minti 15 zuwa awa guda ka fita. Manhajoji irin My Aurora Forecast suna kawo maka waɗannan lambobi a waya.

Ka sani sau da yawa ido yana ganin orora mai rauni kamar farin gajimare ne kawai. In kana shakka, ka ɗauki hoton sakan 5 ta wajen arewa. In ya fito kore, ita ce.

Saitin da ka saba da shi a gida yana nan yadda yake: M, RAW, buɗi mafi girma, MF a kan tauraro da salatif, launi wajen 3500 zuwa 4000 K. Abin da ke canzawa shi ne tsawon buɗewa, kuma yanzu ba juyawar duniya kake tsere da ita ba, da hasken kansa ne. In baka ne mai rauni da ke tsaye wuri ɗaya, sakan 8 zuwa 15 a ISO 1600 ko 3200. In ya fara ninkewa yana tafiya, ka sauko 3 zuwa 5. In ya fashe a saman kanka yana rawa, sakan 1 ko 2, har ƙasa da haka, in ba haka ba duk zaren da ke cikinsa zai cakuɗe ya zama koren fenti. Haskensa yana iya ninkuwa cikin ƴan sakanni, sai ka riƙa duba histogiram ɗin launin kore, don shi ke fara ƙonewa. In ya taɓa bangon dama, ka rage ISO nan take. Wannan juyi ne ya kamata yatsunka su iya ba tare da ka kalli kamara ba, kuma kana iya gwada shi a tsakar gida da fitila a kashe. Sequator ba shi da aiki a nan, tunda kowane hoto daban yake da ɗan'uwansa. Rabin wata kuma ba matsala ba ne, yana ma haska ƙanƙara da duwatsu ya ba hoton ƙasa.

Sanyin da muke kuka da shi a Janairu, wajen digiri 12 zuwa 15 da asuba, ba shi ne ma'auni ba. A Lapland, wato can arewacin Nowe, Suwidin da Finlan, da kuma Yeloknaif, -20 zuwa -30 abu ne na yau da kullum. Ka sa kaya hawa-hawa: ulu a jikin fata, ba auduga ba, don auduga tana riƙe zufa ta daskare, sai rigar ɗumi, sai mai tare iska. Safar hannu biyu, siririya da za ka iya danna maɓalli da ita, da katuwa a kanta. Ƙafa ce ke fara mutuwa ga mai tsayuwa wuri ɗaya, saboda haka takalmi mai kaurin ƙasa. Kada ka taɓa ƙarfen ƙafa uku da hannu tsirara. Batiri yana mutuwa da wuri a sanyi, ka ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki, wanda ya mutu ma in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. Kada ka yi numfashi a kan gilashi ko fuskar kamara, tururin zai daskare a kai.

In ka gama, tun kana waje ka zare katin hotuna ka sa a aljihu. Ka saka kamarar cikin leda ka ɗaure bakinta, sannan ka shiga ɗaki. Ka bar ta a ɗaure awa biyu har ta ɗauki ɗumin ɗakin, yadda gumin zai taru a bayan ledar maimakon cikin gilashi da na'urar.